Takarda ɗaya ta ce daji ne, ɗaya ta ce ba daji ba ne: wa za mu bi?

Ɗan Kofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya sha mana kai. Mahaifinmu shekararsa 68. Ya fi shekara biyu yana fama da fitsari. Da dare sai ya tashi sau biyar, sau shida, in ya tsuguna ya daɗe yana jira, in ya zo ɗin ma ɗis-ɗis. Bai taɓa gaya wa kowa ba, mu dai ƙarar buta muke ji. Cikin sanyin nan da ya wuce, wani dare fitsarin ya tsaya cak, mara ta cika tam, dattijon da ban taɓa jin nishinsa ba yana dafa bango yana salati. Ƙarfe biyun dare muka kai shi wani asibiti aka sa masa roba. Washegari aka ɗebi jini, aka ce PSA ɗinsa, wato awon furostet da ake yi a jini, ya kai 21. Daga baya aka yi masa aikin kankarar furostet ta hanyar fitsari, aka tura naman da aka kankaro gwaji. Bayan sati uku takarda ta fito, wai akwai ciwon daji a wani ɗan gurbi. Aka ce mu zaɓa: ko allura har illa masha Allahu, ko a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya a huta, shi ya fi sauƙin kuɗi. Yayanmu da ke Kaduna ya ƙi. Ya karɓi gilasan da aka ɗora yankan naman a kansu ya kai wa wani likitan gwajin nama, shi kuma ya rubuta cewa adinosis yake gani, ba daji ba, amma a yi wani rini na musamman don a tabbatar. Yanzu gida ya rabu biyu. Kawunmu ya ce ɓata lokaci muke, daji ba ya jira. Nama ɗaya, gilashi ɗaya, ta yaya likita biyu za su ga abu biyu? Don Allah masana ku taimaka.

Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai abin da na sani, gwajin nan kasuwanci ne. Ka je nan a ce kaza, ka je can a ce kaza, kowa da rasit ɗinsa. Mi ya hana na farkon ya yi rinin tun da fari?

'Yar Daura: Allah ya ba shi lafiya. Amma Yaya, don Allah kada ku biye wa takardar da ta yi muku daɗi. Mu haka muka yi ta yawo da namu mahaifin, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne. Sai da baya ya hana shi ruku'u aka gano abin ya shiga ƙashi. Wata takwas ya ƙara. Har yau ina jin haushin kaina.

Mai Sassaƙe: Akwai haɗin da na gada, wani dattijo a Mashi an ce masa daji ne, kwalba uku ya sha, yanzu shekara huɗu yana noma. Mai so ya yi min magana ta gefe.

Mai Kula da Zaure: Malam, dokar zaure ta hana talla. A bar likitocinmu su yi magana tukuna.

Likitan Madubi: Assalamu alaikum. Aikina ke nan, duba nama a ƙarƙashin madubi, don haka bari in gwada. Amma ku sani ban ga gilashin Baba ba, bayani kawai zan yi, ba hukunci ba.

Da farko a gyara suna. A rediyo ana yawan cewa kansar mafitsara, alhali ba mafitsarar ake nufi ba. Furostet wani ƙullutu ne daban da ke zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari kamar zobe a yatsa. A jikin saurayi bai wuce girman goro madaidaici ba, kamar giram 20. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. In mutum ya manyanta sai tsakiyarsa ta riƙa girma tana matse hanya, kuma wannan ba daji ba ne, kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da shi.

To in aka yanka shi siriri aka rina aka sa a madubi, me ake gani? Ɗakuna ne birjik, manya da ƙanana, kowane da bangonsa. Bangon lafiyayyen ɗaki layi biyu ne. Akwai na ciki, ƙwayoyin da ke yin ruwan. Akwai na waje, wasu 'yan ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu da suka kewaye ɗakin, ku ɗauke su kamar darni. Babbar alamar dajin furostet ita ce ɗakunansa ba su da darnin nan ko kaɗan. Sannan ƙanana ne, kuma ba su san iyaka ba, sai ka ga ɗaya ya kutsa tsakanin manyan ɗakuna lafiyayyu, kamar wanda ya yi gini a tsakiyar lungu ya tare wa mutane hanya.

Adinosis kuma fa? Shi ma ƙananan ɗakuna ne a cunkushe, bango na goga bango, irin unguwar awon igiya. Kallon farko wallahi sai ka ce daji ne mai sauƙi. Amma in ka ja baya ka kalli unguwar gaba ɗaya, za ka ga tana da iyaka, ta tattaru wuri ɗaya kamar curi, kuma ƙananan ɗakunan sun gauraya da manya waɗanda kamanninsu ɗaya ne. Darnin kuma yana nan, sai dai mai giɓi ne, nan kara biyu, can babu, can kara ɗaya. Wani ɗakin ma in yankan ya bi ta giɓin, ba za ka ga komai ba. Nan ne idon mutum ke iya ruɗuwa. Kuma adinosis ya fi zama a tsakiyar furostet, daidai wurin da ake kankarowa a irin aikin da aka yi wa Baba. Don haka ban yi mamakin labarin nan ba.

Na Bakin Kasuwa: To Likita, kai da bakinka ka ce ido na ruɗuwa. Ashe dai canki-canki ne.

Likitan Madubi: A'a ranka ya daɗe. Yawancin gilasan da ke zuwa gabanmu ba su da gardama, daji a fili yake, lafiyayye a fili yake. 'Yan kaɗan ne ke zama a bakin iyaka, su ne kuma aka yi rini na biyu dominsu. Rinin yau da kullum kala biyu ne, shuɗi-shuɗi da ruwan hoda, yana nuna siffa ne kawai. Rini na biyun shi yana neman wani sinadari ne takamaimai. Akwai wanda ake kira p63, akwai 34βE12, akwai CK5/6, duk aikinsu ɗaya, su kama ƙwayoyin darnin nan su mai da su ruwan ƙasa. Ko kara ɗaya ne ya rage a jikin ɗaki, sai ya fito ɓaro-ɓaro. Akwai kuma AMACR, wanda ke kama ƙwayoyin daji. Sai dai shi ba a rantsuwa da shi, don yakan kama wani adinosis ɗin ma, ya kuma kama ɗakunan da suka motse don tsufa. Shi ya sa ba a karanta rini shi kaɗai, sai an haɗa da siffa.

Ka tambayi me ya hana a yi tun farko. Ba kowane ɗakin gwaji ke da kayan ba, daga waje ake sayo su, suna son firji, suna da ranar lalacewa, ga kuma halin wutarmu. Wani lokacin kuma mai dubawa bai yi shakka ba ne, wanda bai yi shakka ba kuwa ba zai nemi shaida ba. Ni ma an taɓa gyara min karatu, kuma na gode wa wanda ya gyara.

Ɗan Kofar Marusa: Likita Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin haske. Amma PSA 21 ɗin fa? An ce mana kada ya wuce 4. Kawu da wannan yake kafa hujja.

Nas ta Rafindadi: Yaya bari in tambaye ka, yaushe aka ɗebi jinin? Ka ce washegarin sa roba ko? To ai nan matsalar take. Fitsari ya taru ya danne wurin, an tura roba ta ratsa ta cikinsa, wataƙila ma da ƙwayar cuta a fitsarin. Duk waɗannan suna ɗaga PSA. Mu a wajen aiki in an sa wa dattijo roba cikin gaggawa, likitoci kan ce a bari abin ya lafa na wasu makonni kafin a auna. PSA ba sunan daji ba ne, wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, lafiyayye ma yana fitarwa. In ya girma ya ƙaru, in ya kumbura ya ƙaru, in an taɓa shi ya ƙaru.

Sannan akasin haka ma yana faruwa. Masu shan finasteride, maganin rage girman furostet, su sani, bayan kamar wata shida yana rage PSA zuwa wajen rabi. Sai mutum ya ga 3 ya yi murna, alhali 6 ne. A riƙa gaya wa likita maganin da ake sha, har wanda aka saya a kemis ba takarda.

Likitan Tiyata: Salam. Na karanta duka. Ina tare da abokin aikina a kan rini, amma bari in faɗi namu ɓangaren, don na ga an fara harararmu.

Ku zo asibiti ranar da muke ganin masu matsalar fitsari ku gani. Dajin furostet shi ne dajin da ya fi kama maza a Nijeriya, kuma baƙar fata ya fi saurin kamuwa da shi. Mafi yawan waɗanda ke iso mana sun makara. Ana kawo mutum a kwance, ƙafa ta mutu, PSA ɗari-ɗari, hoton ƙashin baya duk ya ci. Irin wannan, hana jikinsa sinadarin maza shi ne rahama, cikin 'yan kwanaki ciwon ƙashi kan sassauta. Ba mu muka ƙirƙiro ba, tun 1941 Charles Huggins ya nuna haka a Amurka, har ya samu kyautar Nobel a 1966. Allurar tana da tsada, wanda ya zo daga ƙauyen Jibiya ko Mai'aduwa ya yi biyu ya ɓace. Shi ya sa aikin cirewa bai fita daga hannunmu ba. Abin da 'Yar Daura ta faɗa shi muke gani kullum, Allah ya jiƙan mahaifinki.

Amma labarin Baba daban ne. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, ba ciwon ƙashi, an ga ɗan gurbi a naman kankara. Ɗan'uwa, duba takardar farko, akwai lambar Gleason, wadda ke nuna tsananin dajin?

Ɗan Kofar Marusa: Akwai Likita. An rubuta 3+3=6.

Likitan Tiyata: To ka gani. Ko da ace takardar farko ce ta yi gaskiya, wannan shi ne mataki mafi sauƙi, rukuni na 1 cikin 5 a tsarin da ake bi yanzu. Da yawa masu irinsa ba a yi musu komai sai sa ido, ana auna jini ana sake dubawa. Ba a fara wa mai 6 da bai bazu ba da cire maraina. Abin da aka cire ba ya komawa. Bayansa akwai mutuwar sha'awa, zufa mai taso wa mutum kamar an hura wuta, raunin ƙashi, kasala. Sati biyu ko uku na jiran rini ba zai canza komai ba a irin wannan. Ku gaya wa Kawu likitan yanka ne da kansa ya ce a dakata da wuƙa.

Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Shekarata 74, an yi mani wanga aiki na kankara shekara bakwai da suka wuce. Abin da ba ku sani ba, ku da kuke gardama bisa kan mahaifinku, shi mi ya ce? Kun tambaye shi? Dattijo shina iya yin shiru a yanke mashi hukunci don kunyar 'ya'yanshi, ba don ya yarda ba. Wa zai dubi ɗan da ya haifa ya ce ina da sauran buƙata ga iyalina? Ku samo wani tsaranshi ya zauna da shi.

Ɗan Kofar Marusa: Baba Hedimasta wallahi ka taɓo inda yake ciwo. Tun ranar da aka karanta masa takarda bai ƙara maganar ba. Ya dai sa an kawo masa littafin makaranta, ya rubuta basussukansa da ajami, ya yafe wa maƙwabcinmu kuɗin taki, kekensa ma ya ba wa almajirin gidanmu. In ka ce Baba ya jiki, sai ya ce da sauƙi, ya juya fuska bango.

'Yar Daura: Wannan ya sa ni hawaye. Amma Likitan Madubi, ina da tambaya, kada a ce na cika naci. Shi adinosis ɗin ba ɗan daji ba ne? Ba ya girma ya zama shi?

Likitan Madubi: Tambaya ce mai kyau Hajiya. An daɗe ana tattauna ta, saboda kamannin da wurin zaman sun yi kusa da na daji mai sauƙi. Amma a aikace ana ɗaukarsa a matsayin abu marar illa, ba a yi masa tiyata, ba a yi masa allura. Kada kuma a haɗa shi da wata kalma da ke fitowa a takardun waɗanda aka tsakuro musu nama da allura, wato ASAP. Ita ba sunan cuta ba ce. Ma'anarta mai dubawa ya ga 'yan ɗakuna biyu ko uku masu alamar tambaya, sun yi kaɗan ya yanke hukunci. Irin waɗannan in an sake tsakura, kamar huɗu cikin goma akan samu daji. Don haka mai ASAP dole ya koma. Kalmomin suna kama a kunne, amma hukuncinsu ya sha bamban.

Kuma adinosis ba shi kaɗai ke yin shigar burtu ba. Wanda ya fi ruɗa mu a naman allura ma shi ne motsewar ɗakuna, su ƙanƙance su yamutse, darninsu ya yi giɓi. Wani lokacin ƙwayoyin darnin ne da kansu ke yawa su cika ɗaki. Wani lokacin allura ce ke zarcewa ta tsakuro jakar maniyyi da ke maƙwabtaka, ƙwayoyinta kuwa munana ne tun asali, in ba ka lura da ɗigon launin zinariya da ke cikinsu ba sai ka tsorata a banza. Akwai ma wani ɗan'uwan adinosis mai tauri, wanda naman da ke tsakanin ɗakunan ke yin kauri ya matse su har su yi kama da daji mai tsanani.

Direban Katsina-Kano: Likita ni nawa ya fi wannan. An sa min yatsa aka ce wuri ɗaya ya yi tauri kamar dutse, PSA ma ya hau. Na sayar da fili saboda tunanin Indiya. Da aka tsakuro nama wuri 12 sai aka ce kumburi ne kawai. Har yau ban gane ba, kumburi ne zai yi tauri haka? Filin dai ya tafi.

Likitan Madubi: Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Da alama irin kumburin nan ne da jiki ke tara ƙwayoyin yaƙi su yi curi-curi. Shi a yatsa yake ruɗi, a jini yake ruɗi, har a hoton MRI yakan yi kama da daji, madubi ne kawai ke raba gardama. Yawanci ruwan ɗakin ne ke fashewa ya zuba cikin nama, jiki ya ɗauke shi baƙo. Amma a ƙasarmu dole mu tuna da abu biyu. Tarin fuka yana iya sauka can. Sannan tsargiya. Wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko bakin dam, irin su Ajiwa, Zobe, Jibiya, ƙwan tsutsar kan maƙale a mafitsara, wani lokacin har furostet da jakar maniyyi. A madubi ana ganinsa sarai, ɗan ƙwai mai tsini a gindi. Tsargiyar da ta daɗe kuma ita ce ke da alaƙa da dajin mafitsara na ainihi, wanda shi ne ya cancanci sunan da rediyo ke ba wa na furostet.

Direban Katsina-Kano: Ikon Allah. Ai mu muna yara in ba ka yi fitsarin jini ba ba ka cika namiji ba.

Mai Sassaƙe: To ai ga shi kun dawo kan maganata. Dattijon Mashi ya warke.

Likitan Tiyata: Malam, ka tambaye shi ko an taɓa duba namansa a madubi. In yatsa da jini kawai aka yi aka ce masa daji ne, to wataƙila bai taɓa yin dajin ba, da ruwan randa ma zai shekara huɗu yana noma. In kuma mai sauƙin ne, shi ma yakan shekara goma bai motsa ba. Inda abin ke ƙona min rai shi ne mai dajin gaske ya ji labarin nan ya tafi shan kwalba, ya dawo mana a kan katifa a bayan a-kori-kura.

Na Bakin Kasuwa: Ni fa har yanzu ban sauka ba. Ace da yaron nan ba shi da wa a Kaduna mai ido a buɗe, da tuni an yi wa dattijo aika-aika, kuma ba wanda zai taɓa sani. A ce masa ya warke, a yi ta godiya. Talaka nawa aka yi wa haka?

Likitan Madubi: Wannan ba zan musa maka ba. Masu aikinmu kaɗan ne ƙwarai a Arewa, mutum ɗaya sai ya duba nono da safe, hanji da rana, furostet da yamma. Abin da zan iya cewa, duk wanda za a yi masa abin da ba ya gyaruwa, yana da damar ya nemi a sake karanta namansa, kuma likitan kirki ba ya fushi da haka. Naman ba ya ƙarewa a gilashi. Bayan an jiƙa shi a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ana binne shi a cikin ɗan curin kaki kamar na kyandir, girman akwatin ashana bai kai ba. Daga jikinsa ake fero yanka mai kaurin maikiron 3 zuwa 5, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Curin nan yana shekaru bai lalace ba. Shi za ku nema, don rini na biyu sabon yanka yake so.

Ɗan Kofar Marusa: Likita gilasan kawai aka ba Yaya. Gobe in sha Allahu zan je in nemi curin. Ina za mu kai? Kuma yaya ake ɗaukarsa?

Likitan Madubi: Ka je da takarda daga likitan da ke duba Baba, kada ka je da faɗa. Ka tabbata lambar da ke jikin curin ita ce a jikin gilashi da takardar sakamako, ka duba da idonka harafi-harafi. In curin ya fi ɗaya, ka ce wanda aka ga gurbin a cikinsa kake so, ko a ba ka duka. Manyan asibitocin koyarwa, irin na nan Katsina, da Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, duk suna da sashen gwajin nama. Amma ku yi waya tukuna ku ji ko akwai p63 a ƙasa a lokacin, kada ku yi tafiyar banza. Ba ya son firji, ba ya son ruwa. Zafi ne maƙiyinsa, kakin yana narkewa kafin digiri 60, mota kuma in ta yini a rana a watan Afrilu gabanta yakan kai haka. Ka sa shi a ambulan cikin jaka, jakar a kan cinyarka.

Abu na ƙarshe, kada a fara wa Baba allura ko ƙwayar hana sinadarin maza wai kafin sakamako ya fito. Maganin yana canza kamannin ɗakunan, ya kuma danne PSA, in an zo sake dubawa sai an sha wuya.

Direban Katsina-Kano: In Kano ne ka same ni a tasha da sassafe, gidan gaba naka ne, ba kuma zan ɗora shi kan dashbod ba.

Mai Kula da Zaure: Bayan kwana 19, mai tambaya ya dawo da bayani. Na haɗa shi a nan don masu bibiya.

Ɗan Kofar Marusa: Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Sakamako ya fito jiya. Likitar da ta duba ta kira ni ciki ta nuna min a allon kwamfuta. Wallahi kamar yadda Likitan Madubi ya faɗa, ƙananan ɗakuna a cunkushe, a gefen wannan ɗigo biyu ruwan ƙasa, a gefen wancan ɗaya, wani babu, na kusa da shi uku. Ta ce darnin ke nan. Ni na ce mata darni, ta yi dariya ta ce wa ya koya maka. Ta rubuta adinosis tare da girman furostet na tsufa, ba ta ga daji ba. Da na karanta wa Baba, ya yi shiru, can ya ce, to yanzu keken nawa fa? Kawu ya ce shi dama bai ce lallai a yanka ba. Mun bar shi a haka.

'Yar Daura: Allahu Akbar. Na taya ku murna har zuciya. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Na Bakin Kasuwa: Barka. Amma a koma wa na farkon da takardar nan, ya gani da idonshi.

Likitan Madubi: A kai masa, amma da ladabi. In ni aka kawo wa, zan ciro gilashin in sake kallo, in kuma nuna wa yaran da nake koyarwa.

Likitan Tiyata: Barka ɗan'uwa. Sai dai kada in ɓata muku murna, akwai saura. Kankara tsakiya kawai take ɗebowa, kamar an rarake gwanda an bar ɓawo da naman gefe. Kusan bakwai cikin goma na dajin furostet kuwa a gefen nan na waje yake tsirowa, wurin da kankara ba ta kaiwa. Takardar nan ta wanke naman da aka ciro ne, ba ta yi magana a kan wanda ya rage a jiki ba. Kuma 21 ɗin nan har yanzu ba mu tabbatar roba ce ta jawo shi ba, zato muke. Tunda aikin ya kwana biyu, a sake auna PSA yanzu, ya kamata a ga ya faɗo sosai. A kuma sake dubawa da yatsa. In ya faɗo, sai a riƙa bibiya lokaci-lokaci. In bai faɗo ba, a yi hoto a tsakuro gefen. Ku ma 'ya'yansa maza da kuka haura 45, ku fara zancen awo da likita.

Ɗan Kofar Marusa: Likita jinin ba matsala. Yatsan ne. Na taɓo masa zancen da safe ya ce an yi na farko an yi na ƙarshe, tunda takarda ta wanke shi ba yaron da zai ƙara sa shi ya kwanta ya naɗe gwiwa. Ni kuma ba zan iya ja da shi a wannan maganar ba. Baba Hedimasta, ko za ka taimaka?

Tsohon Hedimasta: Ai na faɗa maku tun farko, ba maganar ɗa da uba ba ce. Ni sau shida ana yi mani, ban ragu da komi ba. Turo mani ta gefe masallacin da yake sallar la'asar. Kada ka ce mashi kai ka aiko ni, kuma ka tabbata an maido mashi da kekenshi kafin in zo.